Rami Kamar Ƙwayar Gero

Ni ne mai gyaran keke a gindin ɗorawa,
bakin hanyar da ke fita Shuwarin.
Ni na jingina tsohuwar tayar nan,
sifok ɗinta ɗaya ya karye, yana kallon sama.
Dayyabu, shekara biyu da wata huɗu,
yana bin ɗan tsako, yana ƙyalƙyala dariya,
famfon iska ya harɗe shi.

Jinin ɗigo uku ne, na ƙirga,
can saman kunnen dama.
Ramin bai kai ƙwayar gero ba.
Na zare ƙarfen da hannuna,
wannan hannun.
Uwale ta danna toka, ta ɗaura ƙyalle,
ya yi kuka, ya sha kunu, ya yi barci.
Muka ce an auna arziki.

Daren kwana na huɗu
jikinsa ya zama tandar waina.
Wuya ya sanƙare, ido ya kafe,
hannun hagu yana rawa shi kaɗai.
Maƙwabta suka ce iska ce, a turara.
Muka turara har hayaƙi ya ƙare.

A Dutse likita bai ɗaga murya ba.
Tambaya ɗaya ya yi: wa ya cire?
Ya ce kan yaro ɗanyen duma ne,
ƙarfe ya shiga da tsatsarsa da ƙasarsa,
fata ta rufe, ta bar su a ciki.
Ya rubuta mana takardar Kano.

Can aka ɗaga hoton a fitila,
mugunya ta taru kamar ɗiyan kanya.
Buhun riɗi biyu suka tafi,
tunkiyar Uwale ta bi su da cikinta.
Aka aske shi, aka buɗe, aka ɗinke,
muka kwana talatin da ɗaya a baranda.

Bana ya cika biyar.
Ƙafar hagu tana zana layi a rairayi,
ta nan nake gane inda ya bi.
Ƙwaya fara, safe da dare;
ranar da ta yanke, farfaɗiya ba ta yin sallama.
Kalmominsa ba su wuce ashirin ba,
sifana na cikinsu.
Yana miƙo mini ita da dama,
ba ya kuskure lamba goma.

In rana ta yi ja
sai in durƙusa ina shafa ƙasa da tafi,
ƙusa, waya, guntun tsinke,
duk cikin gwangwanin madara.
Shi ma yana taya ni nema.
Wasa ya ɗauka.