Lambar da ke jikin bulok

A zagaye na huɗu ta yi tari.
Ba tarin mura ba,
ƙwanƙwasa ce daga can ƙasan ciki,
kamar mai bin bashi a ƙofar gida da asuba.
Na ɗage ƙafa daga totur,
allurar mai ta kwanta,
Kirisida ta gangara gefen fili
tana shuɗin hayaƙi, ni ina salati.

Da igiya muka jawo ta Sina'iyya.
Jidda na tafasa, riga ta manne a baya.
Nafi'u ya tsoma yatsa a baƙin mai,
ya ɗaga shi a rana, ƙarfe na ƙyalli a ciki.
"Inji ya ci kansa," in ji shi.
"Mu je Buraiman, maƙabartar motoci.
Riyal dubu uku, ɗan Jafan,
a ɗora Talata, Juma'a kana tsere."

Baba Ilu bai ɗago daga shayinsa ba.
"Cinikin biri a sama ke nan.
Wa ya san wanda ya tuƙa shi,
ko sau nawa ya kwana da ƙishin mai?
Mai tashlih zai ba ka garantin kwana bakwai,
ran na takwas ya manta sunanka.
Buɗe naka.
Fistan, ringi, gaskit, a wanke kiranshaf.
Dubu huɗu da ɗoriya, mako uku,
amma kowane noti da hannunka ka ɗaure."

Ni kuwa dubu uku da ɗari shida gare ni,
kuɗin dakon kwali a Bab Sharif,
kuma tayoyin baya sun yi sanƙo.

Abin da ban faɗa musu ba:
injin nan na mahaifina ne.
Shekara goma sha tara yana jan alhazai
tsakanin Jidda da Makka,
ni a kujerar baya, barci rabi,
ina jin kiɗansa ta cikin ƙashina.
Ta yaya zan sauke wannan muryar
in jefar a bayan gareji, kyanwa ta haihu a kai?

Daren Laraba na kasa barci.
Na kunna fitila, na ɗauki sifana,
na goge dauɗar bulok da fetur da tsumma
har lamba ta fito.
Na ɗauko takardun mota don in gwada.
Na karanta sau uku.

Ba su dace ba.

Da safe na nuna wa Baba Ilu.
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
"Ai ni na raka shi Buraiman!
Shekarar da aka haifi ƙanwarka Sakina,
na asalin ya fashe a hanyar Bahra.
Wannan daga cikin wata da ta kife muka ciro shi.
Sai dai tsohonka bai ɗora ba
sai da ya warware shi kaf a kan buhu,
ya auna, ya wanke, ya mayar."

Na zauna a kan taya.
Ashe gadon da nake riƙo
ba ƙarfen ba ne,
buhun ne, da haƙurin warwarewa.

Yanzu kiranshaf yana wajen Shaukat mai injin sassaƙa.
Gobe bayan la'asar zai faɗi awo.
In ya ɗauki wanki, da tsohuwar zuma za a yi magani.
In ya tsage, Nafi'u ya kawo motar ɗauka,
mu je mu zaɓo marayan wani.

Ko wanne ne, na riga na shimfiɗa buhu.
Juma'ar nan su yi tsere babu ni.