Lissafin Mai Wankin Kwalabe

Shekara ashirin da shida ina wanke kwalabe
a hawa na uku, can kan tudun Valparaiso,
inda taga ke kallon teku, teku na kallon jirage.
Ni Hernan, ba ni da digiri, sai hannu mai ƙanshin sabulu,
amma a gabana Dakta Eliana Quilodran ta yi furfura.

Wata safiya, tana juya shayin da ya riga ya huce, ta ce:
"Kowace ƙwayar jikinka gida ce mai katanga,
a jikin katangar akwai ƙofofi ƙanana.
An ce zuwa da kai ya fi aike,
to wannan magani aike ya iya.
A waje yake tsayawa ya yi sallama,
ƙofa ta ji, ta raɗa wa na bayanta,
na baya ya taɓo na gaba,
har saƙo ya kai ƙurya, tsoka ta saki, iska ta wuce."

Abin da ya hana ta barci daban ne:
me ya sa ƙofar da ta amsa jiya
yau ta yi kunnen uwar shegu?

Shekara tara tana bin sawun wannan tambaya.
Ƙwayoyi suka mutu a faranti daren da wuta ta ɗauke.
Girgizar ƙasa ta watsar da aikin wata bakwai a daɓe,
ina shara, tana tsugune tana tsintar gilashi.
Ba ta yi kuka ba.
Tambaya ta kawai ta yi ko akwai sauran burodi.

Ran da ta gano, ba a buga ganga ba.
Ɗige-ɗige kore a allo, kamar fitilun masunta da dare,
suna barin bakin katanga suna nutsewa ciki.
"Hernan, zo ka gani! In baƙo ya cika bugu,
mai gida cire ƙyauren yake ya shige da shi ɗaka.
A ƙyale shi ya huta, da kansa zai mayar."

Yau ta ajiye aiki. Shugaban jami'a ya zo da lissafinsa:
an ambaci takardunta sau dubu kaza,
daga Osaka har Lund,
ɗalibanta goma sha ɗaya sun zama malamai.
Aka tafa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da makullin ofis.

Ni ma ina da nawa lissafin, ban dai faɗa ba.
Matakala ɗari da sittin ne
tsakanin inda ƙanwata Rosaura ke suyar kifi a bakin ruwa
da ƙofar gidanta mai shuɗin kwano.
Tun muna yara numfashi ke yi mata rowa.
Sau biyar take tsayawa a hanya,
hannu a bango, ƙirji na fito kamar tsohuwar buta.
Likitan unguwa, wani yaro da ya taɓa gyangyaɗi a ajin Dakta,
ya karɓi abin shaƙarta ya jujjuya,
ya tambayi sau nawa take fesawa a yini,
ya kama baki, ya sake mata tsari.
Bai kira sunan kowa ba,
Rosaura ma ba ta tambaya ba.

Shekaranjiya ta hau da jaka a kowane hannu,
sau ɗaya ta tsaya,
shi ma gulma ce ta tsayar da ita da maƙwabciya.

Da taro ya watse, kujeru suka koma jikin bango,
na miƙa wa Dakta ƙunshin takarda mai naso da mai,
kifi biyu da yankan lemon tsami.
Ta ɗaga gira: "Wannan fa, na mene ne?"
Na buɗe famfo a kan kofin shayinta.
Na ce, "Ci dai, kafin ya huce."