Katin Hoto a Rumde Ajiya

Da la'asar sakaliya wasan ƙwallon ya ƙi buɗewa.
Baƙin allo, sai ɗan saƙo a tsakiya
da Faransanci mai sanyi irin na ma'aikacin banki:
katin hotonki, wai, ba mu san da zamansa ba.
Yara bakwai a bencin shagona, kowa da ɗari a tafin hannu,
suka juyo suna dubana kamar ni na haifi injin.

Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Na sayi data ta sefa ɗari biyar don sabuwar direba,
ta hau rabi ta cije
kamar jakin Pitowa a bakin gada.
Da ta sauka ma, bakin nan bai canza ba.
Na kwance murfi da gindin cokali,
na tarar gizo-gizo ya yi gini a fanka,
ga kyankyaso ya mutu a zaune.
Na hure, na goge da tsohon burushi,
na shiga saiti na rage inuwa, na rage ciyawar fili,
har na yarda 'yan wasa su fito ba fuska.
Ya ce a'a.

Washegari na ɗaura akwatin a bayan babur
zuwa rumfar Hamajam, bayan masu kifin Lagdo.
Ya leƙa ciki, ya yi dariya ta hanci.
Dudu, ya ce, wannan ba ciwo ba ne, tsufa ne.
Wasan yana magana da yaren da katin bai koya ba.
Je ki yi wa kakata Faransanci,
ita da Fulatanci ta tashi, da shi za ta kwanta.
Ko ki wanke shi da ruwan Binuwai, ba zai ji ba.

Ya jera mini uku a kan kwali.

Na farko daga Duwala, fanka uku, kuɗin maraƙi.
Zuciyata ta tafi gare shi tun kafin hannuna.
Hamajam ya karyo tsinken tsintsiya,
ya auna cikin akwatina, ya ɗora a kan katin,
katin ya fi tsinken da yatsa huɗu.
Kuma tukunyar wutarki wat ɗari uku ce, ya ce,
wannan zai shanye ta kafin ya ce bismilla.
Wanda ya sayi raƙumi sai ya rushe ƙofa.

Na biyu araha, har ta ba ni tsoro.
Na kai shi hanci, ƙauri.
An yi shekaru ana haƙar kuɗin iska da shi a wata ƙasa,
ba dare ba rana.
Na ce zafin Garwa a watan huɗu
ba ya karɓar wanda ya zo da gajiyarsa.

Na ukun ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya, giga huɗu,
ba ya neman wata igiyar wuta,
abin da ramin ya ba shi, shi yake ci.
Ba zai nuna gumi a goshin mai tsaron gida ba,
amma zai nuna ƙwallo, zai nuna raga.
Na ce a gwada a gabana.
Muka bar shi yana gudu har aka kira azahar,
ina taɓa bayan akwatin kamar goshin jariri.

Kuɗin adashina na wata uku suka tafi a nan,
har da na atamfar da na yi wa kaina alkawari.

Da yamma fili ya buɗe, kore shar.
Yara suka yi shiru irin wanda ban taɓa ji a shagon ba.
Ɗan Bakari, mafi ƙanƙanta, ya yanke biyu, ya ɗaga ƙafa,
sai aka ɗauke wuta.

A cikin duhu suna ta gardama ko ta shiga.
Ni ina zaune da tsohon katin a cinya,
shekara tara yana ciyar da ni,
ban san inda zan ajiye shi ba.