Minti Tara

Shekara ashirin da shida ina bayan wannan kanta,
hawa na biyu, sashen shari'a, birnin Valparaíso,
inda gidaje suka ɗare tsauni kamar awaki
suna leƙen jiragen ruwa.
Ban taɓa zama ajin lauyoyi ba,
amma littafin ƙa'idojin nan mai koren bango
na san shi kamar yunwar cikina.

Sashe na huɗu: wanda ya rasa darasi uku a jere
babu takardar likita, ya maimaita zango.
Sashe na bakwai: maganar wani, ka ce ta wani ce,
ko rabin layi ka ara.
Na san wanda ya ari shafi biyu bai ambaci mai su ba,
yau inshorar mota yake sayarwa a Quilpué,
in mun haɗu a bas sai ya kama kallon taga.
Na goma sha ɗaya shi ne nawa:
kundin digiri na biyu, kwafi uku, a ɗaure,
Juma'ar ƙarshe ta Nuwamba, kafin sha biyun rana.
Kafin.

Sha biyu da minti tara Eleuterio Huenchullán ya faɗo,
sharkaf da gumi, ya rungume kwafin kamar 'yan uku.
Shekararsa arba'in da ɗaya.
Da dare yana ƙirga kwantena a bakin teku,
da rana yana rubutu kan haƙƙin 'yan dako.
Keken hawa tsauni ne ya maƙale da shi, in ji shi,
ba sama, ba ƙasa.
Na nuna masa bango.
Agogo bai san mai uwa a gindin murhu ba.

Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa, da ya fi mini sauƙi.
Ya dai tsaya yana daidaita bakin takardun
da tuni suka daidaita.

Sashe na ashirin ya hana ni ba ɗalibi shawara.
Hatimi ne aikina, ba fatawa ba.
Sai na tuna da safe, wajen goma saura,
ƙasa ta ɗan yi miƙa kamar yadda ta saba a garin nan,
kofuna suka yi ta haƙora, aka kora mu tsakar gida,
Brunilda ta ɗakin karatu tana ƙirga mu kamar kaji.
Minti ashirin da biyar ofis a kulle.

Ban ce uffan ba.
Na buɗe shafi na talatin da takwas,
na juya littafin ya fuskance shi,
na danne da hatimi, wai don iska,
na ce bari in ɗora shayi.

Ruwan ya daɗe bai tafasa ba.
Ni na tabbatar da haka.

Da na dawo yatsansa na kan ƙanƙanen rubutun ƙasa:
duk lokacin da ofis ya rufe ranar wa'adi
ba da laifin ɗalibi ba, a mayar masa da abinsa.
Ya karanta da muryar kotu, tana ɗan rawa.
Ya ce, Malama Filomena, bisa wannan sakin layi
saura mini minti huɗu.
Na ce, to me kake jira?

Tau. Tau. Tau.
Na rubuta sha biyu da ashirin da biyu, gaskiyar agogo,
na sa lambar sashen a gefe saboda mai bin diddigi.
Ya sauka bene bai ko tuna hularsa ba.

Wanda ya tsara wannan layin ban san sunansa ba,
tun kafin a ɗauke ni aiki yake can ƙasan shafin,
ba mai zuwa gaishe shi.

Ɗaya saura kwata Rayén Catrileo ta hawo,
kwafi uku, idanu jajur, takalmi ɗaya ya tsinke.
Na duba daga bango zuwa bango.
Ba ni da shafin da zan buɗe mata.
Na jawo kujera,
na zuba mata ragowar shayin.