Kofin da Ke Kan Ƙusa

Ni ne Harka, maƙeri a duwatsun Doti.
Duk laujen da ya yanki shinkafar garin nan, daga wutata ya fito.
Ƙararrawar ɗakin bauta ni na yi wa harshe,
tana kiran kowa, ban da ni.

A shagon shayin Joshi akwai ƙusa a bangon waje.
Shekara talatin da ɗaya kofina na rataye a nan.
In na zo, ni ke sauke shi,
ya tsiyayo daga sama kamar mai ban ruwa,
kada bakin buta ya san bakin kofi.
Butar nan kuwa sau uku ina like mata gindi.
In na sha in wanke in mayar,
in ajiye kuɗi a ƙasa, ya yayyafa musu ruwa ya ɗauka.
Kuɗina na tsarkaka. Ni ne dai a'a.

Ban taɓa kai ƙara ba.
Wanda aka haifa cikin hayaƙi bai san ido na yaji ba.
Sai ranar da ƙishi ya kori jikana Tek
ya ɗauki kofi daga kan tebur.
Shatin yatsu huɗu ya kawo gida a kunci.
Uwarsa ta iya rubutu.
Ta cika takarda biyu a hasken garwashi,
zuwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, can Dhangadhi.
Na ce, kin jefa tsakuwa a kogin Seti.

Damina na ban kwana sai ga wata mata
ta sauko daga bas, laka har idon sawu,
laima a karye, jaka a hammata.
Pabitra Rawal, in ji ta. Ta zauna kan uwar maƙera
ba ta kakkaɓe ba.
Ta tambayi yaro wane hannu ne, wace rana, wa ya gani.
Waɗanda suka gani duk ranar sun tafi gona.

Na ce, ina 'yan sandanki?
Ta ce, ba ni da kurkuku, baba, ba ni da kulki.
Ina ji, ina rubutawa, ina ƙin mantawa,
ina buga ƙofar ofis har mai ofis ya gaji.
Doka ta daɗe da hana wannan,
dokar ce ba ta iya hawan dutse
sai an goyo ta.

Muka gangara shago tare.
Ta miƙa hannu ta sauke kofina daga ƙusa,
ta ce, zuba min a nan.
Hannun Joshi ya rasa inda zai tsayar da buta:
sama, ya raina baƙuwa; ƙasa, ya taɓa ni.
Shayi ya zube a kan takalminta.
Wannan ma ta rubuta.

Wata biyar, sannan takarda mai hatimi ta iso.
Aka kira Joshi gaban hukuma, ya biya tara,
ya dawo ba ya kallon kowa.
Washegari ya kwashe kofunansa na gilashi kaf,
ya kawo na takarda, a sha a yar.
Yanzu ni da malamin ɗakin bauta kofinmu iri ɗaya,
don dai kada leɓe ya bi sawun leɓe.

Nasara ce? Na tambayi wuta, ba ta ce komai ba.
Mutum uku sun daina kawo min lauje.
Biyu sun dawo, don kaka ba ta jira.

Amma jiya na zauna a ciki, kan benci,
bayana jingine da bango, inuwa a kaina.
Ƙusar tana nan, ba wanda ya cire.
Tek ya shigo daga makaranta,
ya rataye jakarsa a kai,
ya ce, shayi biyu.