Lamba Ta Sittin da Uku

Ƙarfe takwas da rabi a Linares,
ofishin neman aiki ya buɗe ƙofa.
Na zari takardar layi daga bakin na'ura:
sittin da uku. Saura bakwai ta zama shekaruna.

Ni ne Anselmo Quesada, mai walda.
Shekara ashirin da shida ina aurar da ƙarfe ga ƙarfe
a masana'antar motoci ta bayan gari,
har ranar da aka garƙama wa ƙofar kwaɗo,
aka ce mu yi haƙuri, wani kamfani na nan tafe.
Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tafe.
Ciyawa ta riga shi isowa.

Gwamnati ba ta manta da mu ba, in za a faɗi gaskiya.
Kowace shekara da sabon shiri, sabon suna, sabon allo.
Bara aka zaunar da ni gaban kwamfuta,
yatsuna masu kanta na danna harafi biyu a tare.
Bara waccan, kafa farantan hasken rana a kan rufi:
na ci jarrabawa, aka ba ni shaida mai hatimi,
rufin ne ba a ba ni ba.
Shaidu bakwai ke kwance cikin akwati yanzu,
Encarna na kaɗe musu ƙura duk Asabar.

A rediyo minista ya ce adadinmu ya ragu.
Ya ragu mana.
Fulgencio ya rasu a watan Maris.
'Yata Nuria na yi wa tsofaffin Jamus wanka.
Ni kuwa, duk watan da nake zaune a aji
ba a lissafa ni cikin masu zaman kashe wando.
Romon baka dai ba ya jiƙa burodi.

In tsinkar zaitun ta zo, mako shida,
sai in tuna ashe ina da kafaɗu.
Daga nan shiru.
Ba kuɗin kaɗai ke cin rai ba.
Har yau ƙarfe shida nake farkawa,
in ɗaure igiyar takalmi tamau,
in rasa inda zan kai shi.

Sittin da uku, taga ta huɗu.
Remedios ce, ta san fuskata, ba ta tambayi suna ba.
Ta ce akwai tallafi ga duk kamfanin
da ya ɗauki wanda ya haura hamsin:
rabin albashi daga gwamnati, wata shida.
Na ce na san hanyar, sau biyu na bi ta.
Ranar da tallafin ya ƙare
suka riƙe hannuna da hannu biyu, suka gode.

Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta rage murya:
ita ma da irin wannan shirin aka ɗauke ta,
ƙarshen watan nan nata shidan ke cika.
"Ka riƙe mini wuri a layi," in ji ta,
ta buga hatimi, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da ta motsa sai kujerarta ta yi ƙara.
Na leƙa: ƙarfen ƙafar baya ya tsage daga gindi.
Aikin minti biyar ne, in da wuta a hannuna.
Na buɗe baki zan faɗa,
allo ya ce sittin da huɗu.