Sai Anjima

Kwamfutar Babayo tana kan teburin ɗinki,
inda ya bar ta ranar da aka kai shi asibiti.
Ni nake buɗe ta yanzu bayan isha'i,
in shigar da adashin matan Herwagana:
wa ta zuba, wa ta kwasa, wa ta ce sai jibi.

Kullum ɗan saƙo yakan leƙo ta kusurwar dama
kamar yaron da aka aiko aron rariya:
akwai sabuntawar tsaro, a sa yanzu?
Sai in danna anjima.
Wata goma sha huɗu ke nan ina cewa anjima.

Na tambayi Gidado mai gyaran waya a Tashar Dukku.
Ko kai bai ɗaga ba.
Ya ce, Hajiya, wa zai saci lissafin adashi?
Banki suke nema, ba ɗakin ɗinki ba.
Abin nan zai shanye miki data kamar yashi da ruwa,
ya bar injin yana nishi kamar tsohuwar akori-kura.
Na biya kuɗin caja,
na taho da maganarsa a bakin zane, don ta yi mini daɗi.

Da Dijatu ta zo hutu daga Kashere
ta ga saƙon, ta ajiye cokali.
Inna, ɓarawon yanzu bai san sunanki ba.
Tafe yake yana taɓa ƙofofi, dubu a dare guda,
wadda ta motsa ya shige.
Magina ne suka ga tsaga a katangarsu,
suka aiko da yaɓe kyauta,
kuma ranar da suka faɗi inda tsagar take
har ɓarayin sun ji.
Lambar asusun mata talatin da biyu tana nan ciki.
Ba naki ba ne, Inna, amana ce.

Na ce data ta yi tsada.
Ta ce za ta saya.
Na ce wuta ba ta zama.
Ta yi shiru, irin shirun ubanta.

To, ba data ba ce.
Hotonsa ne a fuskar allon,
a bakin ruwan Dadin Kowa, hula a karkace,
yana dariyar da ban san dalilinta ba.
Da wasiƙar fansho da ya tsaya a tsakiyar layi.
Na ji an ce in ta sabunta
takan farka da wata fuska,
ni kuma na gaji da abubuwa masu farkawa daban.

Dijatu ta kwashe komai cikin ɗan filashi
wanda bai kai ɗan yatsa ba.
Na ɗaura masa jan zare,
na sa shi a gwangwanin maɓallai.
Ta ce, kin tuna Baba ba ya bari ruwan fari ya sauka
bai yaɓe katangar baya ba?
Na ce na tuna. Har faɗa muke kan kuɗin magini.

Daren Laraba aka kawo wuta.
Ni na danna, da hannuna.
Ta ce kada a kashe, ta shiga ƙidaya.
A saba'in da ɗaya ta tsaya cik,
har shayi ya huce, har na fara zargin kaina.
Allon ya yi baƙi.
Sau biyu.

Sai ga hular a karkace.
Wasiƙar tana nan, ba wanda ya ƙarasa masa layin.
Ta ɗan ƙara nauyin tashi, Gidado bai yi ƙarya duka ba.

Jiya yaron rariya ya sake leƙowa.
Ina tsakiyar wuyan riga, allura a baki,
na danna anjima.
Amma da na idar da salla
na koma na ce masa, shigo.